Hayaƙin Mota da Haƙƙin Jama'a a Ma'aunin Fiƙihu

Taƙaita shigar motoci masu hayaƙi tsakiyar gari mataki ne da manyan birane da dama suka ɗauka domin tsabtace iskar da mutane ke shaƙa. A Landan an kafa wata doka a watan Afrilun 2019, inda aka ɗora wa duk ƙaramar motar da injinta bai cika sharaɗi ba kuɗin fam 12.50 a kowace rana, sannan aka faɗaɗa dokar ta game birnin baki ɗaya a watan Agustan 2023. Ƙarƙashin irin wannan doka akwai tambaya ta addini da ta hankali: shin hukuma na da ikon hana mutum amfani da dukiyarsa ta halal, a kan hanyar da ta zama ta kowa, saboda wata cuta da ba a iya nuna wanda ta kama nan take? Idan kuma tana da ikon, wa zai ɗauki asarar?

Tambayar ta shafi mutanen karkara kamar yadda ta shafi na birni, kuma yankin Kadawa na jihar Kano misali ne a fili. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwan da ke bin magudanai ya mai da ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam wurin noma rani da damina. Shinkafa, tumatir, albasa, alkama da masara ba sa zama a gona. Daga Kwanar Gafan da injinan casa na Kura kaya ke tashi zuwa kasuwar 'Yankaba da sauran kasuwannin Kano, wasu kuma su miƙi hanyar Zariya zuwa kudu. Abin da ke ɗaukarsu galibi tsofaffin motoci ne: akori-kura, J5, kanta da gingimari, waɗanda da yawansu sun sha gyara har ba a san adadi ba. Duk dokar da za ta tsayar da mota mai hayaƙi a ƙofar birni, kwandon tumatirin Kadawa za ta fara tsayarwa.

Tabbatar cutar

Hukunci ba ya ginuwa a kan zato, don haka sai an fara tabbatar da cewa hayaƙi cuta ne. Abin da ke fita daga salansa ya ƙunshi iskar gas masu guba da ƙananan ɓurɓushi waɗanda ido ba ya gani. Mafi ƙanƙantarsu kan wuce hanci da maƙogwaro su shiga can cikin huhu, wasu har cikin jini, su taimaka wajen haddasa asma, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019. A ƙasar Hausa abin ya fi tsanani da hunturu, lokacin da ƙurar hamada ta riga ta cika sama, sanyin asuba kuma ya danne hayaƙi ya hana shi tashi.

Akwai bambanci tsakanin ƙurar hunturu da hayaƙin inji. Ta farko ba aikin ɗan Adam ba ce, ba wanda za a tuhuma a kanta. Na biyu yana da mai shi, yana da sababi, kuma ana iya rage shi. Waɗanda suka fi shaƙarsa ba su ne ke cikin mota ba: mai tallan ruwa a danja, mai faci a bakin titi, ɗan makaranta da ke jiran tsallaka hanya, jaririn da aka goya a tasha.

Asalin hukuncin

Tushen magana shi ne hadisin da ya haramta cutar da wani da kuma rama cuta da cuta, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma shi ne na 32 a cikin Arba'una Hadis na Nawawi. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Kano da ƙauyukanta, ba su bar shi a matsayin wa'azi ba, sun mai da shi hukuncin alƙali. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabci ko haƙa abin da zai cutar da shi, ko da a cikin filinsa ne. Mukhtasar na Khalil ya lissafa abubuwan da alƙali zai hana, ciki har da hayaƙi irin na gidan wanka, wari irin na majema, da masussuka a gaban gidan wani. Ibnur Rami, magini kuma masanin hukuncin gine-gine a Tunis ta ƙarni na 14, ya tattara shari'o'i masu yawa game da hayaƙin tanderu da makamantansa.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i da aka ce haramun ce. Gasa burodi halal ne, jima halal ce, sussuka halal ce. Wurin da aka yi su, da abin da ya tsallaka zuwa ga wani, su ake dubawa. Haka hadisin da ya umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci: abincin halal ne, amma an nisanta mai shi daga taron jama'a har warin ya gushe. Idan aka yi haka saboda wari mai wucewa, hayaƙin da ke lalata huhu ya fi cancanta.

Cutar da aka yi tarayya a cikinta

Matsalar mota ta bambanta da ta tanderu ta fuska ɗaya. Mai tanderu mutum ɗaya ne, maƙwabcinsa kuma sananne ne, yana iya kai ƙara. Direba kuwa zai ce, kuma gaskiya ya faɗa, hayaƙin motarsa kaɗai bai kwantar da kowa ba. Cutar tana haɗuwa ne daga dubban injuna, kowanne da ɗan kasonsa. Sai a tambaya ko ƙanƙantar kaso na ɗauke alhaki.

Manomin Kadawa ya san amsar daga magudanar ruwa. Idan wanda ke kusa da bakin magudana ya ƙara buɗe ƙofa kaɗan, ko ya bar ruwa yana malala bayan gonarsa ta ƙoshi, ba ya ganin ya cuci kowa. Amma idan mutum arba'in suka yi haka, wanda gonarsa ke can ƙarshe sai ya tarar da busasshen laka, shinkafarsa ta ƙone tana tsaye. Ba zai iya nuna mutum ɗaya ya ce shi ne ba, amma an cuce shi. Shi ya sa ake tsara rabon ruwa, kuma Sunna ta riga ta yi wa na sama iyaka: ya tsare ruwa gwargwadon buƙata, sannan ya sakar wa na ƙasa. Hadisi ya ambaci ruwa da makiyaya da wuta a matsayin abubuwan da mutane ke tarayya a cikinsu. Iska ta fi su zama ta tarayya, domin ba a shingence ta, ba a kuma iya daina shaƙarta. Saboda haka ƙanƙantar kaso na rage girman laifi, amma ba ta shafe shi, kuma cutar da ba ta da mai ƙara guda ɗaya ta zama nauyin shugaba.

Ikon hukuma da iyakarsa

Malaman ƙa'idojin fiƙihu sun tabbatar cewa aikin shugaba a kan talakawansa ya rataya ne ga maslaha, kuma ana jure cutar da ta shafi mutum ƙalilan domin a kau da wadda ta game jama'a. A bisa wannan, hukuma na iya iyakance abin da asalinsa halal ne. Kano ta taɓa ganin irin haka. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Dalilin tsaro ne, ba iska ba, amma tambayar iri ɗaya ce: an taɓa abincin dubban mutane saboda amfanin jama'a. Da yawa daga cikin 'yan acaɓa sun koma tuƙin adaidaita sahu, wato an sami mafita ko da ba ta wadatar ba. A ƙarshen 2022 kuma an sanar da hana adaidaita bin wasu manyan tituna, aka dakatar da umarnin nan da nan saboda koken jama'a, domin ba a tanadi isassun motocin da za su maye gurbi ba.

Wata ƙa'idar ce ke ja wa ta farko linzami: ba a gusar da cuta da wata cuta irinta ko wadda ta fi ta. Ƙissar Samuratu ɗan Jundubu, wadda Abu Dawuda ya ruwaito, ta nuna tsarin da ya kamata a bi. Yana da dabino a cikin gonar wani mutumin Madina, shigarsa kuma na takura wa iyalin mai gonar. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nemi ya sayar, ya ƙi. Ya nemi a musanya masa da wani, ya ƙi. Ya kwaɗaitar da shi ya bayar kyauta don lada, ya ƙi. Sai bayan nan aka ba da umarnin tumɓuke itacen. Tilas ta zo a ƙarshe, bayan an buɗe wa mai dukiya ƙofofi uku.

Idan aka auna da wannan, dokar da za ta sauko wa direban akori-kura dare ɗaya, ba wa'adi, ba rancen gyara inji ko mai da shi mai aiki da iskar gas, ba wurin sauke kaya a bakin gari, ta saɓa wa tsarin. Tumatir ba ya jira. Kwana ɗaya a rana ya isa ya mai da ribar manomi asara, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin dako ya riga ya cinye kaso mai yawa na abin da yake samu. Haka kuma dokar da ta zama kuɗin shiga kawai, mai hali ya biya ya wuce da hayaƙinsa, talaka ya tsaya, ba ta gusar da cuta ba, ta sa mata farashi ne.

Mayar da cuta wani wuri

Akwai zaluncin da ba a cika gani ba, wato a share birni a zuba sharar a ƙauye. Duniya ta riga ta yi wa Afirka haka. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Su ne ake kira 'yan Kwatano. Idan Kano ta kori motocinta masu hayaƙi ba tare da tsarin gyara su ko janye su ba, hanyoyin Kura da Bunkure za su koma. Shari'a ba ta fifita huhun ɗan birni a kan na ɗan ƙauye. Abin da ke halatta a fara da tsakiyar gari shi ne cunkoso: mutane sun fi yawa, hayaƙi ya fi taruwa, don haka cutar ta fi girma. Wannan dalili ne na farawa, ba na tsayawa a nan ba.

Hukuncin kuma yana komawa kan mutanen yankin su kansu. Tulin ɓuntun shinkafa da ake cinna wa wuta kusa da gidaje ya yi kwanaki yana turnuƙewa, ƙona karan gona bayan girbi, da injin casa da ke feso ƙura cikin unguwa, duk sun shiga babin da Khalil ya ambaci masussuka a cikinsa. Ba hujja ba ce a ce an saba. Malaman mazhaba sun yi saɓani a kan ko daɗewar cuta na ba mai ita haƙƙi, amma da yawansu sun ce cutar da ke ƙaruwa da tafiyar zamani ba a mallakarta da daɗewa. Hayaƙin injuna daga wannan nau'in yake, domin garuruwa na cika, injuna na yawaita.

Nauyin da ke kan kowa

Daga abin da ya gabata, taƙaita motoci masu hayaƙi halal ne ga hukuma, yana iya zama wajibi idan cutar ta tabbata, bisa sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, a dogara da awon masana, ba da ganin ido ko son tara haraji ba. Na biyu, dokar ta hau kan kowa, har da motocin gwamnati da na manya. Na uku, a ba da wa'adi da mafita kafin tara, musamman ga masu dakon abinci. Na huɗu, kada a kwashe cutar daga wata unguwa a kai wata.

Mai mota kuwa nauyinsa bai jira doka ba. Wanda ya san injinsa na shan baƙin mai yana tuttuɗo hayaƙi, kuma yana da halin gyara, ya ƙi, ya shiga haƙƙin mutanen da ba zai taɓa sanin sunayensu ba balle ya nemi yafiyarsu. Wanda ba shi da hali yana da uzuri gwargwadon rashinsa, kuma uzurin yana ƙarewa ranar da halin ya samu. Kame cuta daga masu wucewa na cikin haƙƙoƙin hanya da hadisi ya lissafa, kuma wannan haƙƙi yana kan direba, da mai injin casa, da mai cinna wa ɓuntu wuta, kamar yadda yake kan hukumar da ke tsara musu doka.