Amana Tsakanin Tela da Baƙon da Ba Zai Dawo Ba

Da wuya a samu wani daga cikinmu wanda bai taɓa tsayawa a bakin shagon tela ana jajiberen Salla ba, ransa a ɓace, yana kallon yadinsa a naɗe yadda ya kawo shi tun farkon azumi, ko alli ba a ɗora masa ba. Saɓa alkawarin tela ya zama abin ba'a a tsakaninmu, har ba ma jin nauyin faɗa a gabansa. Amma duk da haka, in wata Sallar ta zagayo wurinsa za mu koma, shi ma kuwa ya san za mu koma. Mun san gidansa, mun san wanda ya koya masa sana'a, in kuwa magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa akwai dattijon da za mu kai ƙara wurinsa. Ko ya makara, ba zai yarda ya ɓata mana yadi da gangan ba, domin rigar da ya ɗinka a unguwarsa za ta riƙa yawo, kowa na tambayar aikin wane ne.

To, yanzu sai mu kawar da duk waɗannan. Mu ɗauki mutum mu ajiye shi a garin da bai san kowa ba, ba ya jin harshen mutanensa, kwana uku kawai zai yi ya hau jirgi. Mene ne zai ɗaure telan wannan gari ya yi masa aikin ƙwarai? Shi kuma baƙon, wane hakki ne na telan ya rataya a wuyansa? Abin da muke so mu tattauna ke nan tare da mai karatu.

Wani abokin aikinmu ne ya jawo wannan tunani. Ya je taro Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, sai direban keke mai ƙafa uku, wanda can suke kira tuk-tuk, ya yi masa tayin zagaya gari a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Zagayen bai ƙare ko'ina ba sai a shagon tela. Aka tarbe shi da fara'a da ruwan sanyi, aka baje masa yadi iri-iri, aka ce kwat da wando da riguna biyu za su iske shi a masaukinsa kafin la'asar ɗin gobe. Haka kuwa aka yi, ba a saɓa ko da sa'a guda ba. Ya dawo yana yaba teloli masu cika alkawari, yana yi wa namu gori. Bayan wanki na biyu ƙirjin kwat ɗin ya yi ƙuraje kamar bangon da damina ta daka. Daga baya ne ya gane cewa direban la'ada yake karɓa a kan kowane baƙo da ya sauke a shagon, abin da ya daɗe da zama sananne a wannan birni.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan waɗannan ƙuraje, domin a cikinsu maganar take. Kwat irin ta Turawa tana da wani ƙyalle mai tauri a ɓoye tsakanin yadin waje da shafi, shi ne ke ba ƙirji da kwala tsayuwarsu. A ɗinkin asali, ƙyallen nan ana saƙa shi ne da ulu da gashin doki, a haɗa shi da yadin ta hanyar ɗaruruwan ƙananan sukan allura, yadda zai riƙa motsi tare da jikin mai shi. A ɗinkin gaggawa kuwa, wani ƙyalle ne mai gam ake mannawa da zafin guga. Ranar da aka karɓi kaya, ido ba ya rarrabe wannan da wancan. Sai zafi da gumi da wanki sun saki gam ɗin nan sa'an nan gaskiya ta fito, lokacin kuwa mai kayan yana bayan teku. Haka abin yake ga yadi. Rubutun da ke gefen bandir yana iya cewa ulu ne tsantsa daga Ingila ko Italiya, alhali rabinsa roba ce. Masana sukan zare ɗan zare su kusanta shi da ashana: ulu ƙaurin gashi yake yi ya zama toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule. Amma baƙo nawa ne zai iya kunna ashana a shagon mutumin da ya ba shi ruwan sanyi?

Ashe ke nan telan baƙo yana da wata dama wadda telan unguwa ba shi da ita, watau yana iya yin ha'inci ba tare da ha'incin ya dawo kansa ba. Wannan tsohuwar matsala ce a wurin masana falsafa. Aflatun, a cikin littafinsa na Jamhuriya, ya sa ɗan'uwansa Gulakon ya kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zoben da ke ɓatar da mai shi daga ganin mutane, kwatankwacin layar zana a wurinmu. Da makiyayin ya tabbata ba mai ganinsa, sai ya kashe sarki ya haye gadon sarauta. Hujjar Gulakon ita ce, mutum ba ya yin adalci sai don tsoron a kama shi. Tikitin jirgin da ke aljihun baƙo shi ne layar zanan tela. Idan har ya sa gashin doki inda zai iya manna gam, to ya ƙaryata Gulakon a aikace, kuma ba wanda zai yaba masa, domin wanda aka yi wa alherin ma bai san an yi masa ba.

Masana tattalin arziki sun dubi abin ta wata fuskar. A shekarar 1970 George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi nazarin kasuwar tsofaffin motoci, ya nuna cewa inda mai saye ba ya iya rarrabe mai kyau da maras kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, a hankali sai masu kayan ƙwarai su janye su bar wa 'yan algus kasuwa. Wannan ya nuna mana cewa ha'incin tela guda ba ya tsayawa a kan baƙonsa, har maƙwabcinsa mai gaskiya yake cuta, domin shi ma dole ya rage farashi, in ya rage farashi kuwa dole ya rage aiki.

Mu da ke zaune a Kudu ba baƙin wannan matsala ba ne, kakanninmu ma sun daɗe da samo mata magani. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 inda ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ke gudana bisa bashi tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Ginshiƙin abin shi ne maigida. Shi ke saukar da falke, ya haɗa shi da mai saye ta hannun dillalansa, in kuwa mai sayen ya ƙi biya, mutuncin maigida ne ke kan layi, sau da yawa ma daga aljihunsa zai cika. Direban tuk-tuk ma dillali ne, la'ada yake ci kamar kowane dillali. Abin da ya raba su shi ne lamuni. Dillalin da ke cin la'ada ba ya ɗaukar lamuni, ba mu ga abin da ya bambanta shi da mai kai akuya mahauta ba. Saboda haka in ma'aikacin masauki ko jagoran yawo ya nuna mana tela, tambayar da ta kamace mu ita ce, me zai rasa idan aikin ya ɓaci?

Kada mai karatu ya zaci muna cewa duk telan baƙi maha'inci ne. Tarihin Hong Kong ya ishe mu shaida. Teloli ƙwararru daga Shanghai sun kwarara can wajen shekarar 1949, 'yan kasuwa Sindawa kuma suka zo bayan raba Indiya da Pakistan a 1947, suka buɗe shaguna a unguwar Tsim Sha Tsui. Sojojin Amurka da ke zuwa hutu na 'yan kwanaki lokacin yaƙin Koriya da na Biyetnam su suka haɓaka ɗinkin kwana guda. Shagon Sam's Tailor da ke kan titin Nathan tun 1957 yake, kuma har shugabannin Amurka ya yi wa ɗinki. Dabarar da shagunan da suka daɗe suka yi ita ce, sun ƙi yarda baƙo ya zauna a baƙo. Sukan adana awon mutum shekara da shekaru, su riƙa bin abokan cinikinsu har biranen Turai da Amurka suna gwaji a ɗakunan otal, sa'an nan su aika da kaya ta gidan waya. Watau da hannunsu suka tuɓe layar zanan. A zamanin nan kuma intanet ta ƙara taimakawa, tun da wanda aka cuta yana iya rubuta kukansa inda baƙin gobe za su gani, ko da yake yabon ma saye ake yi kamar yadda ake sayen dillali.

Yanzu sai mu juyo kan kanmu, domin nan ne maganar ba ta da daɗi. A titin Savile Row na Landan, inda ɗinkin kwat ya yi suna, ƙa'idar ƙungiyar telolinsu ita ce kwat da wando su ci aƙalla sa'a 50 na aikin hannu, a gwada wa mutum sau biyu ko uku, abin ya ɗauki makonni. Yini da dare duka sa'a 24 ne. Wanda ya nemi aikin sa'a 50 a cikin 24, a kan kuɗin da ko yadin kirki ba zai saya ba, shin cutarsa aka yi, ko kuwa shi ya roƙi a yi masa ƙarya aka yi masa? Hausawa na cewa araha ba ta ado. Abokinmu ya san haka tun kafin ya shiga jirgi, kwaɗayi ne ya mantar da shi, kamar yadda yake mantar da mu duka.

Akwai kuma mutum na uku da ba ma gani. A garin Hoi An na Biyetnam, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, akwai ɗaruruwan shagunan ɗinki da ke rayuwa da 'yan yawon buɗe ido. Da yawa daga cikinsu, kamar na Bankok, ba a cikinsu ake ɗinkin ba. Mai tarbar baƙo daban, mai awo daban, masu taka keke kuwa suna can wani lungu, su ne za su kwana ido biyu domin a cika alkawarin la'asar. Duk abin da baƙo ya zaftare wajen taya, bayan an fitar da kuɗin haya da la'adar direba, a kan waɗannan yake faɗawa. Mukan yi alfahari da iya ciniki, mu dawo gida muna ba da labarin yadda muka karya farashi rabi da rabi, ba mu taɓa tambayar daga barcin wa aka cire ragin ba. Kuma kada mu manta, baƙo ma yana da tasa layar. Akwai mai ba da ɗan kafin alƙalami a yanka yadi ya sulale bai dawo ba, akwai kuma mai karɓar aikin da ba shi da aibi ya yi barazanar ɓata sunan shago a intanet don a mayar masa da wani abu. Wannan ma cin amana ne, ko da ba wanda zai biyo shi filin jirgi.

Malaman fikihu sun daɗe da auna ɓangarorin nan biyu. Malikiyya sun ɗora wa masu sana'ar da ke yi wa jama'a aiki, irin su tela da marini, lamunin kayan da aka ba su idan suka salwanta, sai fa in sun kawo shaidar cewa ba da sakacinsu ba ne, dalili kuwa shi ne mai kaya ba ya ganin abin da ke faruwa a bayansa. Game da sa a ƙera abin da babu shi tukuna, wanda ake kira istisna'i, majalisar fikihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta ce ƙulli ne mai ɗaure ɓangarori biyu, da sharaɗin a fayyace irin abin da siffarsa da yawansa da ajalinsa. Sharaɗin nan na fayyacewa ya ɗora wa mai saye aiki shi ma. Wanda ya nuna hoto a wayarsa ya ce a yi masa irin wannan, bai tambayi yadi ba, bai tambayi abin da za a sa a ƙirji ba, bai sa an rubuta kome ba, ya bar ƙofa a buɗe.

Abin da muka rinjaya a kai shi ne, hakkin baƙo a kan tela bai ragu da ƙwayar zarra ba don kawai ba zai dawo ba, ƙaruwa ma ya yi, tun da rauninsa ya fi na ɗan gari. Sai dai ba mu yarda baƙo ya fake da baƙunci ya ƙi yin nasa ba. Ya je shagon ranar da ya sauka, kada ya bari sai ana gobe tafiya. Ya nemi a gwada masa tun kayan na haɗe da zaren wucin gadi. Ya tambayi inda ake ɗinkin, ya matse yadin ƙirji tsakanin yatsunsa ya ji ko akwai ƙyalle na uku da ke zamewa a tsakiya. In kwanakinsa ba su kai na kwat ba, ya tsaya a kan riga da wando. Telan da ya ce masa kwana biyu ba za su isa ba, to shi ne wanda za mu ce ya ba aikin, ko da zai jira kayan su biyo shi a baya.

Mun faɗa wa abokinmu duk wannan a ɗakin shan shayi na malamai. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce shi abin da ke damunsa daban ne: har yau bai san ko mutumin da ya auna shi ya san gam za a manna ba, ko kuwa shi ma yaron shago ne da bai taɓa ganin inda ake ɗinkin ba. Kwat ɗin dai ya kai wa wani tela a Sabo, wanda ya juya ta, ya farke shafin ya leƙa, ya ce gyaranta ya fi ɗinka sabuwa wuya, amma wandon ba laifi, kuma duk wanda ya yi ramukan maɓallan nan ya san aikinsa.