Kada Mu Toshe Idon Ruwa

Karatu: Farawa 26:12-22, Farawa 2:15

'Yan'uwa, cikin karatunmu na yau mun ga yadda Filistiyawa suka cika rijiyoyin Ibrahim da ƙasa saboda kishi, Ishaku kuwa ya sāke haƙa su, ya kira su da sunayensu na dā. Mukan yi saurin ganin laifin Filistiyawa, amma bari mu dubi namu gida.

Mu mazauna Naraguta mun san fadamun bakin kogin Dilimi, inda ake noman lambu da rani. Ruwan da ke tsattsafowa a can, daga bisa ya fito. Da damina yakan sauka a kan tuddai, ciyawa da saiwoyin itatuwa su riƙe shi, ya nutse a hankali, sa'an nan ya ɓullo a gindin tudu bayan watanni. Ashe ran fadama yana kan tudu.

A can baya wani Bature mai suna Laws ya kafa sansani a nan domin haƙar kuza. Aka tone ƙasa, wankin kuza ya tura laka cikin rafuffuka. Daga baya gari ya bunƙasa, har Jami'ar Jos tana da mazauni a nan. Bunƙasar gari albarka ce. Amma sa'ad da muka sare itatuwa, muka shafe ƙasa da siminti, muka zuba shara a kwari, ruwan sama ba ya samun wurin nutsewa. Sai ya gangaro da gudu, ya binne fadama da yashi, da rani kuma idon ruwa ya ƙafe. Ba mu manta da ambaliyar 2012 ba, wadda ta ci rayuka a unguwar Rikkos. Filistiyawa sun toshe rijiya da gangan, mu kuwa muna toshe tamu da sakaci.

Allah ya sa mutum cikin gona domin aiki da tsaro, dukansu biyu. Wannan amana ta wuce iyakar garinmu, gama ruwan Dilimi yakan bi ta ƙasar Bauchi, ya shiga kogin Jama'are, har ya kai fadamun Haɗejiya da Nguru. Masunci na can maƙwabcinmu ne, ko da ba mu taɓa ganinsa ba.

Saboda haka mu bar ciyawa da itatuwa kewaye da idon ruwa, kada mu sayar da fadama domin gini, mu dasa itatuwa a kan tudu.

Tambayoyi
1. Don me Ishaku ya ɗauki wahalar sāke haƙa rijiyoyin ubansa?
2. Wane idon ruwa ne iyayenmu suka sha, wanda yau ya ƙafe?
3. Me ikilisiyarmu za ta yi kafin damina ta sauka?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka gafarta mana sakacinmu, ka maishe mu amintattun masu tsaron ruwan da ka ba mu. Amin.