Baƙo Raɓa Ne, Amma Wanda Ba Shi Da Wurin Komawa Fa?

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, watau da dare yake sauka, rana na ɗagawa ya kama hanya. A kan wannan fahimta kakanninmu suka gina zaure a ƙofar gida, suka kafa zango a bakin gari, inda fatake ke sauke kaya, mai masauki ya ba su ruwa da tabarma. Al'ada ce mai kyau, sai dai tana ɗauke da zaton cewa kowane baƙo yana da gidan da ya baro, yana kuma da inda zai koma. To, mutumin da ke kwana a rumfar kasuwa, ko tashar mota, ko cikin kango, ba don yana kan tafiya ba, sai don duk faɗin gari ba shi da ƙofar da zai rufe a kansa, shi fa? Idan muka ba shi tabarma daren yau, mun sauke nauyinsa ke nan?

Abin da ya faru a Yola ya isa ya koya mana. Tsakanin watan Agusta da Oktoba na 2014, 'yan Boko Haram suka kama Madagali da Michika da Mubi, jama'a suka kwararo Yola, wasu a mota, wasu da ƙafa ta cikin daji da duwatsu. Mafi yawansu ba su shiga sansani ba. Dangi da abokai, har da mutanen da ba su taɓa saninsu ba, su suka buɗe musu ɗakuna. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar Katidral na Waliyiya Teresa, dubban mutane suka sami wurin kwana da abinci, ba a tambayi kowa addininsa a bakin ƙofa ba. A ranar tsoro irin wannan babu dogon tunani. Wanda ruwa ke ci, hannu ake miƙa masa.

Da sojoji suka ƙwato garuruwan, yawancin mutane suka koma. Amma akwai iyalan da suka rage, gama ƙauyukansu na kusa da dajin Sambisa, komawa kuwa sayar da rai ne. Wata ya bi wata, shekara ta bi shekara, har wajen shekara bakwai. Yaron da aka haifa a harabar majami'a ya isa shiga makaranta bai taɓa sanin abin da ake kira ɗakin uwarsa ba. A nan ne tambayar ta sake kama.

Masaukin gaggawa yana tsare rai, lalle. Amma idan ya daɗe, yakan ci wani abu a cikin mutum wanda ido ba ya gani. Magidancin da ya saba fita gona da asuba ya koma mai bin layi da kwano. Miji da mata ba su da inda za su yi magana su biyu. Uwa ba ta da ikon cewa yau ga abin da za a dafa. Ba mai shuka bishiya a inda bai san ko zai kai baɗi ba, ba kuma mai kafa sana'a a wurin da aka ce masa na wucin gadi ne. Mu masu bayarwa ma muna da namu haɗarin, domin raba buhun masara gaban jama'a yana da daɗi, ana ɗaukar hoto, ana sa albarka, har mutum ya saba da ganin ɗan'uwansa a matsayin mai karɓa, ya manta cewa dā shi ma mai bayarwa ne a garinsu.

Mu sake duba misalin Basamariye a Bishara ta hannun Luka, sura 10. Mun fi tuna mai da ruwan inabi da ya zuba a raunukan mutumin. Amma labarin bai ƙare a bakin hanya ba. Ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa, kashegari ya ba mai masaukin dinari biyu, kimanin ladan ƙwadago na kwana biyu, sa'an nan ya yi alkawari zai dawo ya biya abin da aka ƙara kashewa. Wannan alkawarin dawowa shi ne abin da muka fi kasawa a kai. Kai mutum masauki aikin yini ɗaya ne. Dawowa a tambaya ko ya warke, ina kuma zai nufa daga nan, shi ke bukatar aminci.

Dayosis na Yola ya dawo. A shekarar 2021 aka buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, da taimakon ƙungiyar Missio ta Katolikan Jamus, aka kwashe iyalan da suka rage zuwa can, da makaranta da majami'a. Aka kuma gina masallaci domin Musulmin da ke cikinsu, abin da wasu Kirista suka yi gunaguni a kai. Ni dai a ganina, wanda ya ba mutum gida amma ya hana shi inda zai yi sujada, ɗaki kawai ya ba shi.

Kada kuwa wani ya ɗauka maganin daɗewar sansani shi ne a rufe shi kurum. Daga 2021 gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin cikin Maiduguri, tana cewa zaman jiran taimako yana kashe zuciya, kuma akwai gaskiya a cikin wannan. Amma ƙungiyoyin agaji da na kare hakkin ɗan Adam sun koka cewa an mai da wasu wuraren da ba tsaro, ba gonar da za a iya nomawa. Wanda aka fitar daga tanti ba tare da inda zai sa kansa ba, an dai kawar da shi daga idonmu ne.

Akwai wata tambaya mai wuya da ke biye. Wanda yaƙi ya kora, kowa na tausayinsa. Amma mashayi fa, ko mai taɓin hankali, ko saurayin da ya fito daga kurkuku danginsa suka ƙi shi? Yawancinmu za mu ce ya fara gyara halinsa tukuna, sa'an nan a ba shi ɗaki. Haka aka daɗe ana yi a biranen Turai da Amurka: daga titi zuwa ɗakin kwanan jama'a, daga nan zuwa gidan wucin gadi mai dokoki, wanda ya ci jarrabawa a kowane mataki sai a ba shi gida, wanda ya yi tuntuɓe ya koma titi. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya juya tsarin a birnin New York: a fara ba mutum ɗaki da makulli, ya riƙa biyan wani kaso daga abin da yake samu, magani da shawara su biyo shi har gida. Ƙasar Finland ta mai da wannan manufar ƙasa a 2008, ta sāke manyan ɗakunan kwanan jama'a na Helsinki suka zama ƙananan gidajen haya, yawan marasa gida kuma ya yi ta raguwa fiye da shekara goma a jere. Dalilin ba boyayye ba ne. Yaya mutum zai sha magani a kan lokaci, ko ya riƙe aiki, alhali bai san inda zai kwana ba, bargonsa ma sai ya ɗaure a ƙugu don kada a sace?

Mai bangaskiya bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Zakka bai fara mayar da dukiyar mutane ba kafin Yesu ya shiga gidansa. Shigar ce ta haifi tuban. Ikilisiya kuma ta daɗe da faɗin cewa wurin zama hakki ne da mutum ke da shi don shi mutum ne: Paparoma Yohanna na 23 ya lissafta shi cikin hakkokin ɗan Adam a wasiƙarsa Pacem in Terris ta 1963. Na san za a ce mu ba Finland ba ne, baikon Lahadi ma da ƙyar yake biyan bukatun majami'a. Gaskiya ne. Na kuma yarda akwai wanda ba zai iya zama shi kaɗai ba sai da mai kula, akwai kuma wanda zai ci amana. Amma tsoron mutum ɗaya mai cin amana bai isa ya sa a bar tara a tasha ba.

Abin da ke gabanmu ma sau da yawa bai kai gina unguwa ba. A garuruwanmu, abin da ke tsakanin iyali da titi yakan zama kuɗin haya na shekara guda da mai gida ke nema a dunƙule, da na dillali a kai. Mai tura baro ko mai sayar da ƙosai na iya biya wata-wata, amma ba za su taɓa tara na shekara a hannu ɗaya ba. Gwauruwar da dangin miji suka kora bayan kwana arba'in, ɗaki take bukata na wata uku ko shida, da ranar fita sananniya, da wanda zai tsaya mata gaban mai gidan haya. Ƙungiyar Waliyi Vincent de Paul da Zumuntar Mata da kwamitin Adalci da Salama na kowace majami'a za su iya haɗa asusun da zai biya shekarar farko, a riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan domin na baya ya samu. Masu gidajen haya da ke zaune a kujerun gaba ranar Lahadi za su iya karɓar kuɗin wata-wata daga mutum ɗaya da majami'a ta tsaya masa.

Duk majami'ar da ke da wani yana kwana a ajin katikisma ko ɗakin maigadi, ya kamata a taron kwamiti mai zuwa a rubuta sunansa, da ranar da ya zo, da sunan wanda aka ɗora wa alhakin zama da shi a ji inda yake so ya koma, da watan da za a sake ɗauko maganar.