Saurayin Da Ya Mayar Mini Da Canji

Karatu: Romawa 2:12-16

A shekara ta 2018 na sayi zoɓorodo wurin wani saurayi a Kasuwar Umdurman. Na ba shi kuɗi fiye da kima ban sani ba. Ya bi ni cikin cunkoso har ya mayar mini.

Na ce, "Allah ya sāka maka, ɗana."

Ya rage murya ya ce, "Baba, ni ban gaskata akwai Allah ba. Abin da ba na so a yi mini, ba na yi wa wani." Ya yi kasada, gama sai a 2020 aka soke hukuncin kisa a kan ridda a Sudan.

Ƙaunatacce, Manzo Bulus ya koya mana cewa ko waɗanda ba su da Shari'a, an rubuta ta a zukatansu, lamirinsu yana shaida. Yaron yana karanta rubutun, bai san Marubucin ba. Ni fa, fasto, da na san shi? A lokacin wata uku ke nan ina kauce wa telan da ke bina bashi.

Addu'a: Ya Uba, duk inda yaƙin 2023 ya kai wannan yaro, ka kiyaye shi, ka bayyana masa kanka. Amin.