Shuka ba ta cewa ta ƙoshi

Tumatirin da ƙishirwa ta dama da tumatirin da ruwa ya yi wa yawa kusan kama ɗaya suke yi: ganye ya yi yaushi, kai ya sunkuya. Wannan shi ne abin da ke rikita sabon mai lambu. Da ya ga yaushi sai ya ɗauko tiyo, alhali wataƙila saiwar tana cikin taɓo tun shekaranjiya, ta rasa iska, ta fara ruɓewa. Saiwa tana numfashi, kuma iskar da take shaƙa tana cikin ƴan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike ƙofofin ya zauna, saiwar takan kasa jan ko ruwan da take kwance a cikinsa. Sai ganye ya nuna alamar ƙishirwa, mai lambu ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Ga kuma wani yaushin da ba na komai ba ne, wanda rana tsaka ke sa wa shuka a watan Maris, da la'asar ta miƙe abinta. Shi ya sa masu lambun da suka daɗe a harkar ba sa yanke hukunci da azahar. Da sassafe suke dubawa. Shukar da ta kwana ta tashi a yaushe, ita ce ke da magana.

To nawa ne ya isa? Akwai lissafi, kuma ba mai wuya ba ne. Masana ban-ruwa suna auna ruwa da milimita, irin yadda ake auna ruwan sama. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. A ƙasarmu, tsakanin Kano da Sakkwato har zuwa Maraɗi da Tawa, abin da rana da iska ke kwashewa daga ƙasa da ganyen shukar da ta rufe fangalinta yakan kai milimita 5 zuwa 6 a rana lokacin hunturu, ya haura 7 ko 8 idan bazara ta kama. Ɗauki fangali mai mita 2 a faɗi, mita 3 a tsawo. Murabba'in mita 6 ke nan. Idan yana asarar milimita 6 a rana, lita 36 yake buƙata, wato kusan garwa biyu. Idan kwana uku-uku ake ba shi, lita 108, jarka huɗu mai lita 25 da ɗan ɗori. Mai hekta guda kuwa lita 60,000 ke tashi sama daga gonarsa kowace rana. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tumatir na shan milimita 400 zuwa 600 daga dashe zuwa tsinka, albasa kuma 350 zuwa 550.

Amma wannan lissafi ya faɗi abin da sama ke ɗauka ne kawai, bai faɗi abin da ƙasa za ta iya riƙewa ba. Jigawa mai rairayi kamar kwando take, ka zuba lita ɗari, rabi ya wuce ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, ya tafi da takin yuriyar da aka sayo da tsada. Ƙasar fadama mai laka tana riƙe wajen ninki biyu na abin da rairayi ke riƙewa, sai dai tana sha a hankali, tana kuma saki a hankali. Saboda haka fangali biyu masu girma ɗaya, a ƙarƙashin rana ɗaya, na jigawa yana son kaɗan-kaɗan kullum, na fadama yana son a ƙosar da shi a bar shi kwana uku ko huɗu. Sannan ga zurfin saiwa. Ta albasa da ta latas ba ta cika wuce taƙi ɗaya da rabi ba, abin da bai fi santimita 30 ba, don haka ba su da wurin neman ruwa idan sama-sama ya bushe. Tumatir kuwa yana iya zura tasa fiye da rabin mita, muddin ba a sangarta shi da yayyafin kullum ba. Yayyafi yana jiƙa fuska ne kurum, saiwa ta taru a sama inda danshi yake, ranar da injin ya lalace kuwa shukar ta faɗi kafin magariba.

Abin da nake ganin ya fi dacewa a lura da shi shi ne yadda sauƙin samun ruwa ke sauya hannun mai bayarwa. Kakanninmu da jigo suke ban-ruwa a bakin kogi da rijiya, kowane guga da ƙashin bayansu suke biyansa. Mutumin da ya jawo ruwa da kafaɗarsa ba ya zuba guga ɗaya a banza, ya san adadin da kowane fangali ke sha kamar yadda ya san sunayen ƴaƴansa. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa gangarowa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, haka nan Bakolori a kan kogin Sakkwato bayan ƴan shekaru. Daga baya shirin Fadama na shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa. Alheri ne babba, ba wanda zai yi musu. Tumatirin da ake lodawa a kasuwar Kwanar Gafan zuwa Legas daga irin waɗannan gonakin ban-ruwa yake. Sai dai ruwan da ba a ji nauyinsa ba, ba a cika auna shi ba. Sai ka ga an buɗe wa gona ruwa an tafi shan shayi. Inda ruwa ke kwanciya ba mafita, yakan taso da gishirin ƙasa, rana ta busar da ruwan ta bar farin ɓawo kamar an barbaɗa kanwa, wurin ya daina ba da amfani. Waɗanda ke ƙarshen magudana kuma su yi ta jira. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu injin sun koma ƙirga awanni, wasu sun koma gas ko hasken rana. Na hasken ranar ma yana da nasa tarkon, tunda ba a sayen mai, hannu yakan sake.

Ma'aunin da ya fi kowane araha yana jikin mutum. A tona kusa da shuka zurfin yatsa ko tafin hannu, a ɗebo ƙasa a dunƙula. Idan ta watse da an buɗe hannu, lokacin ban-ruwa ya yi. Idan ta dunƙule ta bar ɗan danshi a tafi, a dakata. Idan ruwa ya tsatso tsakanin yatsu, an riga an wuce gona da iri. Za ka ji dattijo a lambu yana tambayar yaronsa, "Kai, fangalin can ya sha?" Yaro ya ce, "Ya sha, Baba, ga shi nan jiƙe." Sai dattijon ya ce, "Da ido ka gani ko da hannu?" Ido fuskar ƙasa yake gani, fuskar kuwa tana bushewa cikin awa biyu ko da ƙasan jagab yake, tana kuma yin duhu da ɗan feshi ko da ƙasan ƙura ce. Wanda ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa a gindin shuka ya rage wa rana abin da take sata, amma shi ma sai ya ɗaga ya taɓa.

Mu masu son kyauta mun fi gane bayarwa da yawanta. Uwa ta ɗura wa yaro abinci don ta huce, mai gida ya yi ta miƙa wa ɗan da ya isa neman na kansa. Sau da yawa mai bayarwa hankalinsa yake kwantarwa, bai tona ya ga abin da ke ƙasa ba. Tumatir dai ba ya ɓoye sakamako. Idan aka bar shi ya bushe sannan aka kwararo masa ruwa lokaci guda, ƴaƴan sukan tsage. Idan ana yi masa yau ambaliya gobe fari, gindin ɗan yakan yi baƙi ya lotsa, saboda sinadarin kalsiyam bai isa can a kan kari ba, manomi ya yi ta fesa magani yana zaton cuta ce.

Mafi wuya a harkar duka shi ne dainawa. Manoman albasa na Galmi a Nijar da na Aliero a Kebbi sun san cewa idan wuyan albasa ya yi laushi, ganye ya fara kwanciya, sai a ɗauke mata ruwa wajen mako biyu kafin cira. A wannan lokacin fangali yakan yi kamar an yi watsi da shi, baƙo ya ga kamar rowa ce ko sakaci. Wasu sukan kasa haƙuri su ƙara ruwa don ƙwallon ya yi nauyi, buhu ya cika da wuri. Irin wannan albasa tana da kyau a ranar kasuwa, amma ba ta jure zama a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, zuwa damina, lokacin da kuɗinta ke tashi. Daga wuya take fara ruɓa, ta harbi na kusa da ita. Dillalai sun san haka, shi ya sa kafin su taya buhu sukan zaro ɗaya daga tsakiya su matsa wuyanta da babban yatsa.