Shin Laifin Abokan Gāba Yana Halatta Karya Amana?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

A shekarar 1638, watau 1048 ta Hijira, Sarkin Turkawa Muradu na Huɗu ya taso daga Santambul da runduna mai yawa, ya yi wa birnin Bagadaza ƙawanya. Birnin kuwa yana hannun mutanen Farisa tun da Shah Abbas ya ƙwace shi a 1624. Turkawa sun kewaye shi a 1625, suka sāke a 1630, ba su ci nasara ba. A wannan karo aka yi kwana arba'in igwa tana dukan ganuwa, har babban wazirin Sarki, Tayyar Muhammadu Basha, ya faɗi a fagen fama. Daga bisani shugaban masu tsaron birnin, Bektash Khan, ya miƙa wuya, aka ba su aminci.

To, sai wasu daga cikin sojan Farisa suka ƙi ajiye makamai, rikici ya tashi, takobi ya shiga cikinsu ba sani ba sabo, aka karkashe dubbai. Dukansu kuwa, masu kisa da waɗanda aka kashe, alƙiblarsu ɗaya.

Mai kāre Turkawa ba zai rasa hujja ba. Zai ce ai lokacin da Farisa ta ci birnin an wulaƙanta Ahlus Sunna, an ɓata hubbaren Imamu Abu Hanifa da na Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda Ƙadirawan ƙasar Hausa ke jingina gare shi. Zai ƙara da cewa Sarki Muradu ne ya gyara su. Wannan duk gaskiya ne. Amma tambayar ita ce: zaluncin da aka yi wa mutum jiya yana ba shi iznin zalunci yau?

Shari'a ta ce a'a. Suratul Ma'ida ta gargaɗi muminai kada ƙin wasu mutane ya ɗauke su ga barin adalci. Suratul An'am kuma ta tabbatar cewa ba a aza wa wani rai nauyin laifin wani. Saboda haka wanda ya ƙi ajiye makami ya warware amanar kansa, yaƙarsa ya halatta. Amma wanda ya zubar da takobinsa don ya gaskata maganar Sarki, jininsa haramun ne, ko da ɗan'uwansa na ciki ɗaya ne ya yi taurin kai.

A duba ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira. Ƙuraishawa sun kori Manzon Allah (S.A.W.) daga garinsu, sun kashe baffansa Hamza a Uhudu, sun kewaye Madina a yaƙin Handaƙ. Duk da haka ya amintar da wanda ya shiga Masallaci, da wanda ya shiga gidan Abu Sufyanu, da wanda ya rufe ƙofarsa. Waɗanda aka keɓe kaɗan ne, kowa an ambace shi da sunansa da laifinsa.

Akwai kuma dalili na hankali. In aka san wani sarki ba ya cika amana, ba birnin da zai sāke buɗe masa ƙofa, kowa zai gwammace ya mutu bisa ganuwa. Ramin mugunta, in ji Hausawa, a gina shi gajere.

Ƙarshen al'amarin shi ne sulhun Zuhab na 1639, wanda ya shata iyakar da ta zama tushen iyakar Iraƙi da Iran ta yau. Sarki Muradu ya rasu a 1640, bai cika shekara 30 ba. Watau abin da aka koma kansa shi ne alkawari, wanda aka raina ranar nasara.

Wannan hukunci bai tsaya ga sarakuna ba. Mai unguwa da ya ce wa mai laifi ya fito ba za a taɓa shi ba, da wanda ya sa hannu a sulhun manoma da makiyaya, duk za a tambaye su ranar gobe.

Allah Ya sa a cika da imani, amin.