Shin Alherin Allah Yana da Farashi?

Ikilisiyar Katolika tana koyar da cewa sakramenti bakwai ne: baftisma, ƙarfafawa, Jibin Ubangiji, furta zunubi, shafa wa marar lafiya mai, naɗin firist da kuma aure. Babban taron bishop-bishop da aka yi a Tirento ya jaddada wannan adadi a 1547, kuma koyarwar ta tsaya a kan cewa kowannensu kyauta ce daga Allah. Sai dai wanda ya nufi cocin unguwarsu don neman ɗaya daga cikinsu, sau da yawa abin da yake fara tararwa shi ne tebur da littafin rajista da katin da ke nuna ko ya biya kuɗin shekara. Tambayata ke nan: shin daidai ne kuɗi su shiga tsakanin mutum da abin da aka ce kyauta ne?

Adalci ya sa in fara da hujjar masu karɓa, domin tana da ƙarfi. A karkarar arewacin Nijeriya, Fada guda yakan riƙe ƙauyuka da dama, wasu ma sai bayan makonni yake leƙa su. Babur ɗinsa yana shan mai. Katekis ɗin da ke koyar da yara da jagorantar addu'a ranar Lahadi yana da iyali. Rufin coci yana yoyo da damina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma dokokin Ikilisiya na 1983, a sashe na 222, sun ɗora wa masu bi nauyin tallafa wa bukatunta. Manzo Bulus ma ya nuna wa Korintiyawa cewa mai aikin bishara yana da haƙƙin cin abinci daga aikinsa, ko da yake shi kansa ya riƙe sana'ar ɗinkin tanti. Don haka ban ga laifi ba a baiko ko godiyar kaka, ko ɗan abin da iyaye ke miƙawa ranar baftismar jariri.

Inda nake ganin ɓaraka shi ne lokacin da baiko ya rikiɗe ya zama sharaɗi. Kuɗin na iya zama iri ɗaya, hannun da ya karɓa ma ɗaya, amma ma'anar ta canza. Idan na ba da bayan na karɓa, ko na ba da ina sane cewa ko ban bayar ba za a yi mini, godiya na yi. Idan kuwa sai na bayar za a yi mini, ciniki muka ƙulla, ko da wane suna aka laƙaba masa. Abin da ke raba su tambaya ce guda: me zai sami wanda ya zo hannu wofi?

Ikilisiya ta san wannan haɗari tun farkonta. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 8, ya ba da labarin Siman na Samariya, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi don su ba shi ikon ɗora hannu a karɓi Ruhu Mai Tsarki, Bitrus kuwa ya tsawata masa da kakkausar murya. Daga sunansa Turawa suka samo kalmar da suke kiran laifin cinikin abubuwa masu tsarki. A 1215 taron Lateran na huɗu ya umarta a ba da sakramenti kyauta, tare da barin al'adar bayarwa ta son rai. Rikicin da Martin Luta ya tayar a Jamus a 1517, wanda ya tsaga Kiristocin Yamma gida biyu, ya faro ne daga yadda ake karɓar kuɗi a kan takardun sassaucin horon zunubi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dokar yau ma ba ta bar ƙofa a buɗe ba. Sashe na 848 ya hana mai hidima neman fiye da abin da hukumar Ikilisiya ta ƙayyade, ya kuma wajabta masa lura kada talauci ya hana mabukaci samun sakramenti. Sashe na 947 ya ce a nisanta baikon Mas daga duk abin da ya yi kama da fatauci, na 1181 kuma ya kare haƙƙin talaka na samun jana'iza ta mutunci. Fafaroma Faransis, a wani wa'azinsa na Nuwamba 2014, ya soki cocin da ke liƙa jerin farashin baftisma da sauran hidimomi.

Wani zai ce, ai babu Fadan da zai kori talaka in ya bayyana halinsa. Na yarda cewa da yawansu ba za su kora ba, na kuma san waɗanda ke biya wa mutane daga aljihunsu. Amma wannan amsa ta manta da kunya. A ƙasarmu, magidanci ya gwammace ya kwana da yunwa da ya tsaya gaban sakataren coci ya ce ba shi da shi. Ba ya gardama, ba ya kai ƙara. Janyewa kawai yake yi. Na san ma'auratan da suka shekara da shekaru ba su ɗaura aure a coci ba, saboda haka ba sa karɓar Jibin Ubangiji, don kawai suna jiran ranar da za su iya ɗaukar nauyin biki. Babu wanda ya kore su, amma suna waje. A nan laifin ya wuce ofishin coci ya iso kanmu mu masu bi, domin mu ne muka lulluɓe aure da anko da dafe-dafe har talaka ya ɗauka cewa da su ake ɗaura shi. Alhali abin da doka ta nema shi ne yardar ango da amarya a gaban mai hidima da shaidu biyu.

Sauƙin kayan sakramenti ma darasi ne. Ruwa, mai, gurasa, ruwan inabi, ɗora hannu da kalmomi kaɗan: babu abin da ya fi ƙarfin matalauci. Idan rai yana bakin mutuwa, Ikilisiya ta yarda kowane mutum ya yi baftisma, muddin ya zuba ruwa, ya faɗi kalmomin, da niyyar yin abin da take yi. Abin da aka sauƙaƙa har haka, da wane dalili za mu tsananta shi?

Matsayina shi ne a raba littattafan biyu. Littafin kuɗi ya zauna wurin kwamitin kuɗi, a riƙa karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita, domin mutane sun fi sakin hannu idan sun ga inda guminsu ke tafiya. Littafin baftisma da na aure kuwa kada a buɗe su da tambayar bashi. A kuma riƙa faɗa daga bagade, da harshen da kowa ke ji, cewa rashin kuɗi ba ya hana kowa, don kada mai kunya ya zama sai ya roƙa. Masu hali su ɗauki nauyi fiye da yadda suke ɗauka yanzu, tun da wajabcin tallafi gwargwadon ƙarfi ne.

Mai yiwuwa cocin da ya bi wannan hanya ya makara wajen sauya rufi ko sayen sabon janareta. Wannan asara ce ta gaske, amma ana iya mayar da ita a kaka mai zuwa. Yaron da ya tashi yana ganin an bar mahaifiyarsa a benci na baya saboda katinta bai cika ba, ya riga ya koyi wani abu game da Allah, kuma wa'azin shekara ashirin ba lalle ne ya goge masa shi ba.